Gida Cike da Mutane, Yaro Shi Kaɗai

Yau zancen yara za mu yi, yaran da suka tashi a hannun uwa ita kaɗai ko a hannun uba shi kaɗai, ko mutuwa ce ta raba, ko saki, ko tafiyar da aka yi ba a dawo ba. Za mu taɓo batun cinsu da suturarsu, amma abin da ke cin su a rai na fi so mu duba: wannan jin da yaro ke yi cewa an tauye shi, 'ya'yan wasu sun fi shi, shi ba cikakken ɗan gida ba ne.

A shekarar 2019 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta duba yadda mutane ke zama a gidajensu a ƙasashe da yankuna 130. Ta ce a Amurka kashi 23 cikin ɗari na yara suna zaune da uwa kaɗai ko uba kaɗai, babu wani babba a gidan. A duniya baki ɗaya kashi 7 ne. A Nijeriya kuwa kashi 4 kacal. Wanda ya ji haka sai ya ce alhamdu lillahi, ashe matsalar ta Turawa ce. To amma a lura da abin da aka ƙirga, wato gidan da ba kowa sai uwa da 'ya'yanta, ko uba da 'ya'yansa. Mu ba haka muke zama ba. Macen da aka saka gidan iyayenta take komawa, ko gidan yayanta. Wanda matarsa ta rasu, ko dai akwai abokiyar zamanta a gidan, ko a miƙa yaran ga kaka, ko ba da jimawa ba a kawo wata. Yaron yana cikin gida mai mutum ashirin, takardar ƙidaya ba za ta sa shi cikin masu rashi ba. Shi kuwa ya san a cikin ashirin ɗin nan babu wanda zai farka idan ya yi tari da tsakar dare.

Kuma ba kaɗan ba ne yaran nan. Kowa ya san yadda aure ke mutuwa a ƙasar Hausa. A farkon 2009 Hajiya Altine Abdullahi, shugabar wata ƙungiyar zawarawa da marayu a Kano, ta shirya fito da zawarawa kan titi domin a ga yawansu, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisbar, aka soma da aure 100, kuma a watan Oktoban 2023 aka ɗaura 1,800 na zawarawa da 'yan mata a lokaci guda. Aikin alheri ne, ba mai musu. An ba da sadaki, an ba da gado da katifa da ɗan jari. Sai dai duk sa'ad da na ga amaren nan a jere cikin hijabi iri ɗaya, tambaya ɗaya ke zuwa mini: wadda ke da 'ya'ya uku a cikinsu, a ina yaran za su kwana daren yau? Ango ya yarda a zo da su? Ko za a raba su ne, wannan wurin kaka, wancan wurin matar uba?

Ga kuma mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya. Da yawansu sun bar yara a ƙasa. Sai a haɗa da mazan da rikicin Boko Haram ya ci tun 2009, da waɗanda 'yan bindiga suka kashe a gonakinsu a Zamfara da Katsina da Sakkwato.

Yaya wannan ji na an fi ni yake shiga zuciyar yaro? Ba a rana ɗaya ba, kuma sau tari ba da duka ko zagi ba. Ku dubi tsakar gida ana gobe Sallah. Tela ya aiko da ɗinki, matar gida tana kiran 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gwada nasa. Ga wata yarinya 'yar shekara tara a tsaye bakin madafa, ɗiyar ƙanwar maigida ce, bara aka dawo da su. Ita ma an yi mata, ba a hana ta ba. Amma nata kala ɗaya ne daga ragowar yadi, na sauran bibbiyu ne har da takalmi. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta ce an gode. Uwarta na ɗaki tana jin komai, ba ta da bakin magana, don ita ma alfarma aka yi mata. Ba wanda ya yi laifin da za a nuna. Amma yarinyar ta ƙirga. Yara suna ƙirgawa, jama'a: yankan nama nawa ne a kwanon wane, wa aka fara kira, wa aka aika da tsakar rana, wa aka bari ya ƙarasa barcinsa, wa ya fasa kofi aka ce tsautsayi ne, wa ya fasa aka ce halinsa ne. Hausawa suka ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Mun daɗe da sanin haka, har mun saba da shi, mun daina jin zafinsa a madadin wanda ba shi da ita.

Sai kuma baki. "Tarbiyyar mace ce, me ake jira?" "Agola kawai." "Da ubanka na da kirki da ba ka nan kana cinye mana abinci." "Halin uwarki kika ɗauko." Babba zai faɗa cikin fushi, kafin la'asar ya manta. Yaron zai kai shekara arba'in yana iya gaya maka a inda yake tsaye lokacin da aka faɗa. Dalili shi ne yaro ya san jinin mutum biyu ne a jikinsa. Idan ka ce ubansa mutumin banza ne, abin da yake ji shi ne rabinsa banza ne. Ba ya iya raba kansa da wanda ake zagi.

Wanda aka haifa ba ta hanyar aure ba kuwa, nasa kayan ya fi na kowa nauyi. Tun bai san ma'anar kalmar da ake jifarsa da ita ba yake jin ta a bakin rijiya da filin ƙwallo, in ya girma ya je neman aure a sake tono ta. Addininmu bai ɗora wa kowa zunubin wani ba. Mu ne muka ɗora.

Akwai wani abu da na sha gani a kasuwa, kuma ya fi tsaya mini a rai. Yaro da kayan makaranta a tsaye bakin shagon ubansa, yana jiran masu ciniki su ragu. Uban ya gan shi tun ɗazu, bai ce masa ya zauna ba. Da wuri ya yi sauƙi sai ya matso, ya gaishe shi, ya ce da ƙaramar murya, "Baba, Umma ta ce kuɗin makaranta." Uban ya ɗaga murya yadda yaran shago da maƙwabta za su ji: "Ka je ka ce mata ba ni da shi. Ba ita ta ce za ta iya ba?" Yaron ya juya. A hanya yake gyara saƙon, don ya san in ya kai shi yadda aka ba shi, uwar za ta yi kuka ko ta yi zagi, kuma duk biyun ba ya so. Yana isa sai ya ce, "Baba ya ce sai jibi." Ɗan shekara goma ke nan, ya zama shi ne mai ɗauke wa manya biyu nauyin gabarsu. Ya koyi ƙarya ba don mugunta ba, don ya kare mutum biyu da yake ƙauna daga juna. Daga baya mu ne za mu ce yaron nan maƙaryaci ne.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka cewa ɗan bazawara ko maraya ya riga ya lalace. Ba haka ba ne, kuma masu bincike sun tabbatar. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Jami'ar Virginia, Mavis Hetherington, ta bi iyalai kimanin 1,400 har kusan shekara 30. A littafin da ta fitar a 2002 ta ce cikin yaran da auren iyayensu ya mutu, kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne suka gamu da matsala mai tsanani, alhali a gidajen da aure bai mutu ba kashi 10 ne. Haɗarin ya ninka, gaskiya ne, amma uku cikin huɗu ko fiye sun tashi lafiya lau. A 1991 Paul Amato da Bruce Keith sun tattara bincike 92 wuri guda, suka ga akwai bambanci tsakanin rukunin yaran biyu amma bai kai yadda ake zuzutawa ba, kuma rigimar iyaye na cikin manyan abubuwan da ke jawo shi. Amato ya ƙara gano cewa yaran da ke gidan da kullum faɗa ake yi sun fi samun sauƙi bayan an rabu. A 1994 kuma Sara McLanahan da Gary Sandefur suka nuna cewa kusan rabin koma bayan da yaran nan ke samu daga ƙarancin kuɗi yake zuwa. A Amurka aka yi yawancin waɗannan bincike, zamansu daban da namu, amma duk wanda ya taɓa zama a zauren sulhu ya san abu biyun nan, kuɗi da gaba, su ne dai a wurinmu.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna a zukatanmu. Mutuwa ba a hannunmu take ba. Saki ma wani lokaci shi ne mafita, Allah ya halatta shi, kuma ba zan taɓa ce wa mace ta zauna ana dukanta don 'ya'ya ba, domin 'ya'yan suna kallo. Amma abin da ke biyo bayan rabuwar, hana kuɗin abinci, hana ganin uwa, gori, aike da baƙar magana ta bakin yaro, duk aikin hannunmu ne. Mafi yawan ciwon daga nan yake.

Abin da ke ba ni takaici shi ne muna da hukunci a rubuce, kuma a zaurukanmu ake karanta shi. Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, littattafan Malikiyya da malamanmu suka haddace, sun bai wa uwa haƙƙin riƙon yaro bayan saki, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Idan uwar ta auri wani bare, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Duk tsawon lokacin nan ciyarwa da tufatarwa suna wuyan uba. Aya ta 233 a suratul Baƙara ta ɗora masa wannan nauyi, ta kuma hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu. To me muke yi? Da an yaye yaro sai a aiko gwaggo ta ɗauke shi: "Ɗana ba zai zama agola a gidan wani ƙato ba." Ko kuma a ce, "In kina son riƙe su, ki ciyar da su." An juya hukuncin ke nan, an mai da yaro sandar dukan uwarsa. Wadda ta daure ta je kotu, ko alƙali ya yanke kuɗin wata-wata, karɓarsu wani aiki ne, kuma abin da aka yanke kafin cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya riga ya narke, tunda hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Nijeriya na da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Kano ta sa hannu a tata a 2023. Ba doka muka rasa ba.

Iyaye mata, ku ma da naku. Na san abin da aka yi wa wasunku ba shi da daɗin ji, na san akwai wadda aka kora da tsakar dare da goyo a baya. Amma in uban ya zo ganin ɗansa, a bar shi ya gani. In ya aiko da riga, a sa wa yaro, kada a jefar. In yaron ya dawo daga hutu a can, kada a zaunar da shi ana tambayar me amarya ta dafa, me aka saya mata. Ki bar shi ya so ubansa a fili, ba sai ya ɓoye miki ba. In ya girma zai gane wa ya yi masa me, ba sai an karanta masa ba. Haka kuma ba zan yi wa matan uba kuɗin goro ba. Akwai waɗanda suka riƙe 'ya'yan miji har baƙo ba ya iya bambancewa, kuma ba a cika yaba musu ba, sai an ga mugun misali ake tuna matar uba.

Bari in zo kan shiru, domin shi ma ciwo ne. Uba ya rasu, a ce wa yaro ɗan shekara biyar, "Baba ya yi tafiya." Uwa ta fita da saki, a ce, "Ta je unguwa." Da kyakkyawar niyya ake yi, wai kada a tayar masa da hankali. Sai ya riƙa zama a ƙofar gida, duk babur ɗin da ya tsaya ya tashi ya leƙa. Ranar da zai ji gaskiya, a bakin yaran unguwa zai ji, kuma daga ranar ya daina yarda da maganar manyan gidansu. Ƙananan yara kuma suna da wata ɗabi'a da masana suka daɗe da lura da ita: in ba a yi musu bayani ba, sai su ɗora wa kansu laifin. "Don na ƙi zuwa aike ne Umma ta tafi." Zai iya riƙe wannan shekara da shekaru bai gaya wa kowa ba. Maganinsa kalmomi ne kaɗan, daidai hankalinsa: Baba ya rasu, ba zai dawo ba, muna yi masa addu'a. Ko kuma, ni da babanka mun rabu, ba kai ka jawo ba, shi babanka ne har abada, ni ma uwarka ce har abada. Kuma ba sau ɗaya za a faɗa ba, don zai sake tambaya.

Mu mutane ne masu kunya da kara, har ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a nuna masa so a gaban jama'a. Ba na sukar wannan, akwai kyau a cikinsa. Amma kada kara ta kai mu ga hana yaro kuka. "Yi shiru, namiji ba ya kuka." "Kukanka azaba ne gare shi." Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai ga mahaifinsa ba, mahaifiyarsa ta rasu a Abwa yana ɗan shekara shida, kakansa ya rasu yana da takwas. Bayan ya girma, bayan an aiko shi, ya ziyarci kabarinta ya yi kuka har na kusa da shi suka yi. In shi ya yi, a kan me za a hana ɗan shekara bakwai?

Damuwar yaro kamar ruwan da ke shiga katangar ƙasa ce, ba a ganin ɓarnarsa ranar da aka yi ruwan, sai damina ta yi nisa a wayi gari ta tsage. Yaro ba zai ce maka ina cikin damuwa ba, ba shi da kalmomin. Jikinsa da halinsa ke faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi. Ciwon ciki ko ciwon kai kullum da safe, an je asibiti ba a ga komai ba. Firgita cikin barci. Mai ƙoƙari a aji ya koma na baya. Faɗa da kowa, ko 'yan ɗauke-ɗauke. Mu kuwa sai mu ce taurin kai ne a kawo bulala, ko mu ce iska ce. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tsoro, yaron da ya yi ladabi fiye da kima. Ba ya roƙon komai, ba ya cewa bai ƙoshi ba, kafin a ce tashi ya tashi. Kowa na yabonsa. Sau da yawa ba natsuwa ba ce, tsoro ne: ya ga an kori uwarsa daga gida, ya ɗauka shi ma in ya yi kuskure korarsa za a yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan lalurori kafin shekara 14 suke somawa.

Wani nauyin kuma a wurin ta'aziyya muke ɗora shi. A dafa kan yaro ɗan shekara goma sha biyu a ce, "To, yanzu kai ne maigida." Mu a wurinmu ƙarfafa gwiwa ne, shi kuwa da gaske yake ɗauka. Sai ka gan shi ya bar makaranta ya koma gareji ko tura baro. Babbar 'ya mace ita ce uwa ta biyu, ita ce reno, ita ce talla, ita ce kuma wadda uwar ke zubar wa da duk baƙin cikinta da dare don ba ta da wani abokin shawara. Balaraba Ramat Yakubu ta zana wannan rayuwa tun 1990 a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne, inda aka kori Rabi da 'ya'ya tara ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Shekara talatin da ɗoriya ke nan, kuma a unguwanninmu yanzu abin ya ƙara tsanani, domin gidan gandu ya fara watsewa, da yawa ɗaki ɗaya suke haya a cikin baƙin mutane. Uwar da ba ta yi barci ba, ba ta san inda na gobe zai fito ba, ba za ta sami haƙurin sauraron yaro ba ko tana so. Wanda ya taimaki uwar da jari ko da kuɗin haya, hankalin yaron ya kwantar.

To me ke tsamo yaro? Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai har suka manyanta. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin talauci da rikicin gida. A cikin waɗannan, kashi ɗaya cikin uku sun zama mutane masu natsuwa da abin yi. Da ta duba abin da ya haɗa su, sai ta ga kusan kowannensu ya sami aƙalla babba guda da ya tsaya masa, kaka, ko 'yar'uwar uwa, ko malami, ko maƙwabci. Mutum ɗaya wanda ba ya canzawa.

A nan kam mu masu arziki ne, in mun so. Muna da kawu da baffa, da inna da gwaggo. Muna da kaka, wadda al'ada ta ba ta damar wasa da jika, ta kira shi mijinta, ya tsokane ta ta rama, wurin da yaro ke sakewa ya yi dariya ba tare da kunya ba. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad da Imamu Buhari duk iyayensu mata ne suka rene su bayan rasuwar ubanninsu, ba wanda ya ce tarbiyyar mace ce. A Maiduguri, lauya Zannah Mustapha ya buɗe makaranta a 2007 da yara 36, daga baya ya riƙa karɓar 'ya'yan waɗanda Boko Haram ta kashe da 'ya'yan 'yan Boko Haram ɗin da suka mutu, aji ɗaya, ba a tambayar ɗan wane ne. A 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ba kowa zai gina makaranta ba. Amma baffa zai iya zuwa makarantar ɗan ƙaninsa ranar karɓar sakamako, ya tsaya inda ubanni ke tsayawa. Kawu zai iya ɗaukar yaro zuwa masallacin Juma'a kowane mako, ya tambaye shi su wane ne abokansa, ya tuna sunayensu. Sharaɗin ɗaya ne: in ka ce za ka zo ranar Asabar, ka zo. Yaron da aka taɓa tafiya aka bari, saɓa alkawari ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Masu taimakon marayu, Allah ya saka muku da alheri, amma ina da roƙo. Duk azumi sai a jera yara a rana, kowa da leda a hannu, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Gobe a makaranta abokansa sun gani. Ya sami shadda, ya rasa abin da ya fi shadda. A kai wa uwar da dare, ita ta miƙa masa da hannunta, ya sa ranar Sallah kamar kowane yaro. Malamai ma, a daina cewa marayu su ɗaga hannu a tsakiyar aji. A kira mai riƙonsu gefe a tambaya. Sannan a tuna da ɗan bazawarar da ubansa ke raye ya yi watsi da shi. Ba ya cikin jerin marayu, ba mai rubuta sunansa, in an tambaya a ce ai ubansa na nan.

Akwai kuma lokacin da lallashin gida ba ya isa. In yaro ya shafe makonni ba ya cin abinci, ba ya barci, ya daina wasa da magana, ko ya fara shaye-shaye, ko yana ji wa kansa rauni, a kai shi asibiti. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace, kuma tun watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma hana a wulaƙanta mai irin wannan lalura. In kuwa ka ji yaro ya ce gara ya mutu, ko ya ce zai bi babansa, kada a ce shirme ne, kada a dake shi. A zauna a tambaye shi a hankali, a kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi wurin likita a ranar.